Kawuna da Baƙin Man da ke Ƙaruwa

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Kawu Babba, yayan mahaifiyata, ya riga mu tafiya ranar wata Laraba a tsakiyar damina, lokacin da gero ya fara kunno kai.

A cikin motar da ya rantse ba zai shiga ba aka kawo gawarsa daga Daura. Ina leƙe ta tsagar ƙofar zaure sa'ad da ta tsaya, tana tuttular da farin hayaƙin nan nata mai yajin ido. Maza suka sauko da shi a naɗe cikin tabarma. Wani dattijo maƙwabcinmu ya dafa ƙeyar motar kamar mai shafa doki, ya ce, "To, ga shi dai ta kawo shi lafiya." Aka gyaɗa kai. Ban ga fuskar da ta nuna ta ji warin maganar ba.

A cikin gida, mata sun cika tsakar gida har bakin rumbu. Iya, matar marigayin, tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta ja mayafi ta rufe fuska, carbi yana tafiya a hannunta. Masu gaisuwa suna durƙusawa su ce mata ya haƙuri, su koma gefe su buɗe hira, a zatonsu mayafi yana toshe kunne.

"Mutumin kirki ne," in ji wata. "Sai dai kan nan nasa. Dutse."

"Motar asibiti tana ƙofar gida, ya ce shi sai babur. Tsoho da ciwon ƙirji."

"Tunda aka ba ƙanensa makullin motar ai ba a sake ganin haƙorinsa ba. Allah na tuba, ba a faɗin mamaci."

"Allah dai ya yafe masa abin da ya riƙa faɗa a kan motar nan."

Aka ce amin. Wata mata ta matso kusa da ni, ta sauke goyonta ta ɗora a cinya. Jaririya ce, an shafe mata kai da baƙin abu tun daga goshi har ƙeya, ƙurajen da ke ƙasa sun kumbura suna tsattsafo da ruwa. Warin gas ya haɗu da na nono da na turaren wuta ya cika mini hanci. Matar ta sunkuyo ta yi ƙasa da murya.

"Malama, ko kin san in za a tsiyayi man motar yau? Na ce tunda ta ɗauko mamaci, na yau zai fi ƙarfi."

Na tashi na zagaya bayan rumbu na amayar da kunun da ke cikina.

Ni ba mai faɗa ba ce, duk wanda ya san ni ya sani. Ni ce wadda ake aika ɗibar ruwa a tarar da ita tsaye tana kallon gajimare a cikin guga. Ina koyarwa a firamaren garinmu, ina rubuta 'yan waƙoƙina a littafin da ba na nuna wa kowa. Na so a ce wannan rubutun ya fito da taushi, ya yi ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, don haka Kawu ya cancanta. Na gwada sau uku. Duk sa'ad da na ɗora alƙalami sai warin kan jaririyar nan ya dawo. Saboda haka zan rubuta shi yadda yake.

Kawu Babba makanike ne na manyan motoci masu shan gas. Ya yi shekara arba'in da wani abu a ƙarƙashin motocin da ke jigilar hatsi da dabbobi tsakanin Daura da Mashi da bakin iyaka, sannan ya dawo gida, garinmu da ke tsakanin Zango da Babban Mutum, da ciwon baya da idon da ya fara hazo. Tafin hannunsa yana da baƙaƙen layuka waɗanda alwalar shekara arba'in ba ta fitar ba. Ina ƙarama nakan bi su da yatsa in ce wannan hanyar Kano ce, wannan ta Katsina, shi kuma ya ce, "Wannan ƙaramar kuma ta gidan surukaina ce, shi ya sa ta fi ramuka."

Komai sai ya shinshina. Tuwo, sabon yadi, kan jariri, iskar da ke zuwa gaban hadari. Iya takan ce ta auri mutum ne aka haɗa mata da akuya. In mota ta wuce ta bayan gida yana cin abinci, sai ya tsaya da loma a hannu, ya karkata kai, ya ce, "Wannan ba za ta kai Zango ba." Wani lokaci ta kai, wani lokaci a ga direban ya dawo a ƙafa yana tambayar gidansa. Yakan ce abin da ya sa ya fi son zama da inji shi ne inji ba ya jin kunyar kowa, in yana ciwo zai faɗa ko a gaban sarki ne.

Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka shi da ƙanensa ba sa kiran sunana, Uwata suke ce mini. Shi kaɗai ya taɓa jin waƙoƙina. Yana da wani farin hankici a aljihun gaba wanda ba ya share gumi da shi, na riƙe littafina ne kawai. Ya naɗe yatsunsa da shi, ya karɓi littafin, ya juya shi, ya miƙo mini ya ce in karanta, don shi boko bai iya ba. Ya lumshe ido yana saurare. In na gama sai ya ce, "Uwata, layi na uku yana ƙara. Akwai notin da bai ɗauru ba." In na koma na duba, sai in tarar da gaɓa ɗaya ta yi yawa.

Ba waliyyi ba ne a harshe. Ya taɓa ce wa wani mai injin niƙa, a gaban matan da ke layi, cewa da jaki ne ya ba wa injin nan da ya fi kula da shi. Washegari kuma tun da sassafe ya je ya kwance injin ya gyara, don kada matan unguwa su koma daka da hannu.

Motar da nake magana tsohuwar bas ce mai shan gas. 'Yan garinmu mazauna birni ne suka haɗu suka kawo ta, aka cire kujerun baya aka shimfiɗa katifa, don kai marasa lafiya da masu naƙuda asibiti a Daura. Kafin zuwanta, a amalanke ake fitar da mace zuwa bakin titi. Ranar da ta iso mata sun yi guɗa, ni ma na yi. Aka damƙa makullinta a hannun Kawu Ƙarami, ƙanen marigayin, don shi ne shugaban ƙungiyar gari, mutum mai fara'a da babbar riga da iya jawabi. Aka samo direba, wani magidanci mai haƙuri. Batirin motar ba shi da ƙarfi, saboda haka in direba ya kai mara lafiya ba ya kashe ta, sai ya bar ta tana aiki a ƙofar asibiti tun hantsi har azahar, don gudun neman masu turi.

A shekara ta biyu direban ya lura da wani abu. Kowace tsohuwar mota tana shan baƙin mai, sai ana ƙara mata. Wannan ta daina sha. Ya zaro geji, siririn ƙarfen nan da ake duba yawan mai da shi, ya ga man ya wuce layin sama. Bayan mako biyu ya ƙara hawa. Ya faɗa wa Kawu Ƙarami a ƙofar masallaci, mutane suna ɗaura takalma.

Kawu Ƙarami ya ɗaga hannu sama. Ya ce jama'a su shaida. Motar da ba ta ɗaukar kaya, ba ta zuwa kasuwa, aikinta ceton bayin Allah, ga shi Allah Ya sa wa manta albarka, ana tafiya yana ƙaruwa. Liman ya ce ya kamata a tambayi masu sanin inji tukuna. A hankali ya faɗa, kabbara ta danne muryarsa.

Ran nan aka tsiyaye abin da ya hau a kwalba. Bayan kwana goma aka sake cika wata. Kafin wata biyu, duk safiyar Juma'a akwai layin kwalabe a gindin darbejiyar da ake ajiye motar. Ana shafa wa yara a ƙazwa da makero. Makiyaya suna ɗiba don kofaton shanu. Wata tsohuwa ta riƙa ɗiga shi a kunnen jikarta. Na ga amarya an shafa mata a dunduniya. Har daga Mashi aka zo. Kawu Ƙarami yakan zauna a kujera da sabuwar hula, yana zuba wa kowa da murfin buta, ana sa masa albarka.

Lokacin Kawu Babba yana kwance da ciwon baya, kuma Iya ta hana a kai masa labarin. A kan wata yarinya da aka kawo gaishe shi ya shinshino shi. Ya riƙe kanta da hannu biyu, ya sa hanci, ya ɗago ya dubi uwar.

"Wa ya zuba wa 'yarki gas a ka?"

Washegari da hantsi ya aiko a kira ni, ya ce in zo da farar takarda mai kyau. Ba ni da wata sai ta littafin waƙoƙina, na yago shafi ɗaya daga tsakiya. Muka tafi gindin darbejiya, yana dogara sanda. Direba ya ɗaga kujerar gaba, don injin motar a ƙarƙashinta yake. Kawu ya laluba ya zaro geji ba tare da ya duba ba, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Ya kai hanci. Fuskarsa ta yamutse kamar an ba shi ruɓaɓɓen nama. Ya lakato man ya murza tsakanin yatsa biyu, ya ware su a hankali.

"Uwata, kawo hannunki." Ya shafa mini. "Baƙin mai mai lafiya yana da jiki, yana kama yatsa kamar miyar kuɓewa. Wannan fa?"

"Kamar ruwa, Kawu."

"Riƙe takardar a kwance. Kada ki karkata."

Ya ɗiga ɗigo ɗaya a tsakiya. Ya sa direba ya kawo sabon mai daga galan, ya ɗiga wani a gefe. Muka zauna a inuwa muna jira. Ya ce idonsa ba zai gani ba, in zama idonsa. Na gaya masa sabon man ya tsaya wuri ɗaya, ya yi ɗan da'ira ya dakata. Na motar kuwa baƙin ya tsaya a tsakiya, amma wani farin danshi ya tsere daga jikinsa yana cin takardar, ya yi masa zobe mai faɗi kamar lokacin da wata ya yi lema. Na furta hakan, na ce yana da kyau.

"Kyau," in ji shi. "Wannan zoben naki gas ne. Ya fi mai gudu, shi ya sa ya riga shi."

Ya bayyana mana, ni da direba, yadda ake yi wa yara bayani. Ya ce akwai nozul, bakin da ke fesa gas cikin inji. In ya lalace sai ya riƙa ɗiga maimakon fesawa, gas ɗin da bai ƙone ba ya zurara ƙasa ya shiga cikin baƙin mai. Barin mota tana aiki a tsaye rabin yini yana ƙara abin. Man ba ƙaruwa yake ba, tsinkewa yake. In ya gama tsinkewa, ƙarfe zai ci ƙarfe, inji ya buga a tsakiyar daji. Wannan shi ne mai sauƙin. Ya ce ya taɓa gani da idonsa a hanyar Mashi, man wata babbar mota ya hau har inji ya fara shan man cikinsa. Direba ya zare makulli, mota ba ta mutu ba, sai ƙara ihu take, hayaƙi ya rufe hanya, har ƙarfe ya fasa gefen inji ya fito.

"Ta fara kunna maka jar fitilar mai in ta yi zafi?" ya tambayi direba.

Direban ya sunkuyar da kai. "Tana ƙiftawa, Baba. Alhaji ƙanenka ya ce matsalar wayar wuta ce."

Rigimar a ƙofar masallaci aka yi ta bayan la'asar. Katangar gidanmu ce ta raba mu da wurin, ni da Inna mahaifiyata muna tsaye a bayanta muna ji.

"Yaya, kai da ba ka ganin layin geji, ta ina ka hango gas?" Muryar Kawu Ƙarami ke nan, da dariya a cikinta.

"Hancina bai tsufa ba. Kai da tunda aka haife ka ba ka taɓa ɗaure noti ba, yaushe ka zama malamin mai?"

"Shekara arba'in kana kwance ƙarƙashin mota, shi ya sa ba ka saba ɗaga kai ka ga ikon Allah ba."

"Ikon Allah nake gani. Shi Ya ba ni hanci, kai Ya ba ka hula. Ga takarda nan, kowa ya duba. A ajiye motar nan kwana huɗu a canja nozul, a zubar da man, shi ke nan abin da na roƙa."

"A ajiye ta, wanda ya kwanta ciwo kai za ka goya shi?"

"Gara in goya shi da in sa shi a tukunyar da ke kan wuta. Kuma ku daina shafa wa 'ya'yan mutane dafi."

Wani ya ce a yi wa tsoho uzuri, zaman gida ne ya ishe shi. Aka yi dariya. Takardar ta zaga hannu biyu ko uku, wani ya ce shi bai ga komai ba sai maiƙo, aka yar da ita. Kawu Ƙarami ya ce daga yau kada yayansa ya ƙara taɓa motar jama'a. A nan Kawu Babba ya rantse cewa muddin ba a gyara ta ba ƙafarsa ba za ta taka cikinta ba.

Bai haƙura ba. Ya sa ni na rubuta wasiƙa zuwa ga wani tsohon abokin aikinsa a Daura, ya faɗi abin da za a kwance da abin da za a duba, ɗaya bayan ɗaya, har da batiri. Ya aika wa ƙanensa da ita don a kai motar can tare da ita, aka dawo da ita ba a buɗe ba. Ya bi gida gida yana roƙon mata su daina shafa man. Wasu suka riƙa shigewa ɗaki in sun ji sandarsa. Yara suka sa masa suna Mai Hanci. Mutumin da ya gyara injin niƙan kowace unguwa.

Abin da ya fi tsaya masa a rai Yaya ce, yayata. Tana da tsohon ciki, kuma ungozomar asibiti ta gargaɗe ta cewa kada ta kuskura ta haihu a gida, saboda abin da ya same ta a haihuwar fari. Duk gidanmu mun san a wace mota za a kai ta. Kawu yakan zo ya zauna a ƙofar ɗakin Inna ya tambaya, "Saura wata nawa?" In an gaya masa sai ya riƙa murza yatsunsa.

Saura wata biyu ta haihu ciwon ƙirji ya kama shi. Da rana ne, an ɗauke ruwa ke nan. Numfashinsa yana fita da ƙyar, gumi ya jiƙe masa riga. Kawu Ƙarami da kansa ya sa aka kawo motar ƙofar gida, ta tsaya tana hayaƙi. Inna ta durƙusa a gaban yayanta tana kuka.

"Yaya, don girman Allah ka shiga. Ka yi kaffara daga baya. Sau ɗaya ne."

Ya girgiza kai. Sai da ya huta tsakanin kalmomi. "In na shiga, gobe za su ce mai gyaran ma ya shiga. Shi ke nan ba mai sake duba ta. Jibi kuma 'yarki za su sa."

A babur aka kai shi. Babban ɗansa ya tuƙa, wani maƙwabci ya zauna a baya ya rungume shi, aka ɗaure su da rawani. Na tsaya ina kallon farar hularsa tana tsalle a kan hanyar taɓo har gero ya rufe su. Ya kwana biyu a asibiti ya cika. Ban sani ba ko da ya shiga motar da ya ƙara kwana a duniya. Ajali ba ya jiran mota, ba ya jiran babur. Abin da na sani shi ne dalilinsa, kuma ba hassada ba ce.

Kwana tara da rasuwar, da hantsi, Kawu Ƙarami ya shigo gidanmu. Inna ta tafi wurin Iya, ni kaɗai ce a tsakar gida ina tsince shinkafa. Ya rame. Ya zauna a kan turmi, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya cire hula ya riƙe.

"Uwata, wasiƙar nan da ya sa kika rubuta. Tana nan?"

Na ce tana nan.

"Ba ni ita."

Na ɗauko na tsaya da ita a hannu. Na tambaye shi ko yanzu ya yarda ke nan. Ya juya hular a hannunsa.

"Ranar da ya kawo takarda masallaci, da kowa ya watse, na koma na ɗauke ta. Na shinshina." Ya ɗora hular a gwiwa. "Ai gas ba ya ɓuya."

Na ƙirga a zuciyata. Wata biyar. Wata biyar yana zaune a kujera yana zuba wa mata a kwalba, yana ganin kawunan jarirai, yana jin ana kiran yayansa Mai Hanci. Ya tsaya a ƙofar gida ran nan yana kallo ana ɗaure shi da rawani.

"Kawu, me ya hana ka faɗa?"

"Na riga na ɗaga hannu a gaban masallaci. Daga Mashi mutane suka zo. Da furfurata zan tashi in ce musu gas nake raba musu? Ke yarinya ce, ba ki san nauyin bakin mutane ba. Na yi ta cewa bari abin ya lafa in gyara ta a ɓoye. Shi kuma ya ƙi yin shiru ko na mako ɗaya."

Har yanzu laifin yana neman ya jingina wa wanda ke kabari. Na dubi babbar rigarsa mai aiki, na ji kamar in na taɓa ta zan ga maiƙo a hannuna. Amma Yaya tana ɗaki tana nishi da nauyin cikinta, saura mata 'yan makonni. Na miƙa masa wasiƙar da hannu biyu, yadda aka koya mini. Na ce ina roƙonsa abu ɗaya, in an gyara ya gaya wa mutane Kawu Babba ne mai gaskiya.

"Za a san yadda za a yi," in ji shi. "Ba zan bar sunansa a ƙasa ba."

Aka ce an tafi da mota Daura sabunta takardu. Ta kwana huɗu. Ta dawo ba hayaƙi, tana tashi da makulli bugu ɗaya. Direba ya gaya mini a ɓoye cewa nozul biyu aka samu suna ɗiga, kuma abokin Kawu da ya karanta wasiƙar ya yi hawaye, ya ce ko layi ɗaya bai kuskure ba. Juma'ar da ta biyo masu kwalabe suka zo, aka zaro geji, mai yana kan layinsa. Ta gaba ma haka. Aka fara ƙus-ƙus.

Ranar addu'ar arba'in Kawu Ƙarami ya cika alkawarinsa. Ya miƙe a ƙofar gida, gaban jama'a, muna ji daga ciki. Ya yi kuka na gaske, na ji shi. Ya ce yana neman gafarar yayansa, don bai san matsayinsa ba sai da ya tafi. Ya ce jama'a su lura, tunda motar nan ta ɗauko gawar bawan Allahn nan, mai bai ƙara hawa ba. Ashe albarkar tasa ce. Ya ce marigayin ne ya fara taɓa injin da hannunsa, kuma duk faɗan da ya riƙa yi, ɓoye baiwarsa yake, kamar yadda bayin Allah na gaskiya suke yi. Yanzu ya tafi da abinsa.

Wurin ya ɗauki salati. A cikin gida, matar da ta ce kansa dutse ne ta fashe da kuka, ta ce ita dama ta sha ganin haske a goshinsa. Kafin magariba an shiga rumfar da yake ajiye kayan aikinsa an kwashe tsummokaran da yake goge hannu, an yayyaga an raba. Wata ta roƙi Iya ta ba ta ƙasar inda yake ajiye sanda. Iya ta tashi ta shige ɗaki ta ja labule.

Yaya ta fara naƙuda bayan kwana goma sha ɗaya. Ni na zauna kusa da ita a kan katifar motar, ina riƙe da hannunta, ina sauraren injin da ke ƙarƙashin kujera yadda Kawu ya koya mini. Bai yi tari ko sau ɗaya ba har Daura. Sai da aka yi mata aiki. Ta tashi, ita da 'yarta.

Da na gaya wa Inna zan rubuta wannan, sai ta fara lissafa mini.

"An gyara mota," in ji ta. "An daina shafa wa yara. Yayarki tana raye. Masu zaginsa jiya yau addu'a suke masa. Wanda ya rage kuma ɗan'uwana ne, ciki ɗaya. Me kike nema?"

Duk abin da ta lissafa gaskiya ne. Amma wata rana wani injin zai sake yin haka, na niƙa ko na ban ruwa, man cikinsa ya fara hawa. A garin da aka yarda cewa albarka ce ta zo ta tafi, ba wanda zai nemi farar takarda. Kwalba za su nema. Wannan shi ne abin da ya hau babur don ya hana, kuma shi ne aka gina a kan kabarinsa.

Ya Allah, Ka jiƙan Kawu Babba. Ka yafe masa kaifin harshensa, Ka yalwata masa makwanci, Ka ba Iya haƙurin da ya fi namu. Ka shirya wanda ya rage, Ka cire mini wannan ƙyamar daga zuciya, don ta yi mini nauyi kuma ban saba ɗaukar irinta ba.

Ku kuma masu karatu, in kun zo garinmu za a nuna muku kabarinsa, a ba ku labarin waliyyi. Ku yi masa addu'a, yana bukata kamar kowa. Amma ni na riƙe takardar, ni na ga zoben. Nozul biyu ne suka lalace. Kawuna makanike ne, kuma ya iya aikinsa.